Kafin Ka Yarda A Cire Maka 'Ya'yan Maraina: Matakan Da Ya Kamata Saurayi Ya Bi

A wajen likitan tiyata, cire 'ya'yan maraina biyu ƙaramin aiki ne. Rabin awa zuwa awa ɗaya an gama, wani lokaci ma ba a sa mutum barci, allurar kashe wuri kawai ake yi, ya koma gida a ranar ko washegari. Wannan sauƙin ne yake ruɗar matasa. Saurayi ɗan shekara 22 da aka yi wa dandaƙa yana iya shafe shekara hamsin nan gaba a cikin jikin da aikin ya bar masa, kuma babu asibitin da ake zuwa a yi dashen maraina kamar yadda ake dashen ƙoda. Ƙwallon roba da ake sa wa wasu a cikin fata siffa kawai yake mayarwa, ba ya yin maniyyi, ba ya yin sinadari.

Samarin da wannan tunani yake zo wa ba kasafai suke faɗa wa kowa ba. Kunya ta hana su zuwa asibiti, sai su koma bincike a waya da tsakar dare. Idan kana cikinsu, ko ƙaninka ko abokinka ya taɓa furta maka irin wannan magana, ga yadda ake bin lamarin daki-daki.

Abin da za a raba ka da shi

'Ya'yan maraina aiki biyu suke yi. Na farko ƙera ƙwayoyin haihuwa, wanda kowace ƙwaya take ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta nuna. Na biyu samar da sinadarin testosteron, kimanin miligiram 5 zuwa 7 a rana. Kusan kashi 95 cikin ɗari na testosteron ɗin jikin namiji daga nan yake fitowa. Ɗan ragowar daga wasu ƙananan halittu ne da ke saman ƙoda, kuma bai isa ya riƙe jiki ba. A jinin lafiyayyen namiji ana samun tsakanin 300 zuwa 1000 a ma'aunin nanogiram da ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Bayan an cire duka biyun, kafin kwana ɗaya ya cika ya faɗo ƙasa da 50.

Mutane sun ɗauka testosteron na sha'awa ne kawai. Shi ne yake riƙe tsoka, yake zuga ɓargo ya yi jini, yake hana kitse taruwa a ciki, kuma jiki yana juya wani ɓangarensa zuwa sinadarin estrojin, wanda shi ne babban mai tsaron ƙashin namiji. Duk mai kiwo ya san bambancin bunsuru da taure: ɗaya tsoka da kuzari, ɗaya kitse da sanyin jiki. Ba a ɗora wa ɗan Adam ma'aunin dabba, amma sinadarin ɗaya ne.

Yadda jiki yake sauyawa, daga makon farko zuwa shekaru

Mun san waɗannan abubuwa sosai ne saboda masu ciwon dajin furostet, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A 1941 wani likita a Shikago ta Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa idan aka yanke wa wannan daji testosteron yana lafawa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Tun daga lokacin ake yi wa dattawa masu cutar dandaƙa, ko da wuƙa ko da allura, ana kuma bibiyar abin da ke samun su.

A makonnin farko zafi ne yake fara zuwa. Mutum yana zaune sai ya ji wuta ta taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo masa, minti biyu ko biyar ya wuce, ya sake dawowa. Da dare yana jiƙa shimfiɗa ya hana barci. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin suna fama da shi, wasu shekaru. Ka ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Sha'awa tana raguwa ƙwarai, gaba tana daina miƙewa yadda ta saba, ruwan maniyyi ya ragu ko ya ƙafe.

Daga wata uku zuwa shekara sai tsoka ta fara zubewa, teɓa ta fito, nauyin da mutum ke ɗagawa a da ya gagare shi. Jini yana raguwa, yawanci maki ɗaya zuwa biyu a awon hemogilobin, shi ya sa gajiya ba ta sakin mutum. Nono yana iya kumbura ya yi ciwo. Sikari da kitsen jini suna hawa, haɗarin ciwon suga da na zuciya ya ƙaru. Da yawa suna shiga ciwon damuwa, hawaye ya riƙa zuwa ba dalili, tunani ya yi nauyi. Murya ba ta komawa siririya ga wanda ya riga ya balaga, gemu ma ba ya ɓacewa, tsirowarsa ce take raguwa.

Ƙashi ne abin da ya fi tayar mana da hankali game da matashi, domin ba ya ciwo sai ranar da ya karye. Ƙashin ɗan Adam yana ci gaba da cika har zuwa wajen shekara 30. Wanda aka yanke wa sinadari yana ɗan 22 bai ma gama tara abin da zai ci a tsufa ba, ga shi kuma ya fara asarar kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari a shekarar farko kaɗai. Ƙarshenta ƙashin baya ya riƙa lotsewa, tsawo ya ragu, doro ya fito, ɗan faɗuwa a banɗaki ya karya ƙugu. Likitocin da suka duba tsofaffin babannin fadar Sin a Bejin da 'yan ɗarikar Skoptsi na Rasha, masu dandaƙe kansu saboda aƙida, sun ga wannan doron a jikin da yawa daga cikinsu.

Za ka iya cin karo da wani bincike na 2012 a kan babanni 81 na tsohuwar masarautar Koriya, wanda ya nuna sun fi sauran maza tsawon rai da shekara 14 zuwa 19. Binciken gaskiya ne, amma daga littattafan asalin dangi aka ciro shi, a kan mutanen da aka yi wa aikin suna yara kuma suka rayu a inuwar fada. Bai auna ƙarfin ƙashinsu ko jin daɗin rayuwarsu ba. Kada ka gina shawarar jikinka a kansa.

Ɗauki takarda: me kake so ka rabu da shi?

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. Rubuta jimla ɗaya: "Idan aka cire, zan huta da kaza." Abin da ka cike gurbin da shi shi ne ainihin ciwon, kuma kusan kowanne yana da maganin da ba ya bukatar wuƙa.

Da yawa daga samarinmu abin da za su rubuta shi ne sha'awa. Aure ya yi tsada, waya ta kawo batsa har cikin ɗaki, saurayi ya yi istimna'i ya tuba, ya koma, ya sake tuba, har ya fara ganin jikinsa a matsayin abokin gaba. Wanda ya kai nan yawanci mai tsoron Allah ne, kuma tsoron ne ya kai shi. To ya sani ba shi ne farau ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce suna fita yaƙi tare da Annabi (SAW) ba su da mata tare da su, suka tambaya ko su dandaƙe kansu, ya hana su. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ma ya ce Annabi ya ƙi amince wa Usmanu ɗan Maz'un ya ƙaurace wa aure, da ya yarje masa da sun yi wa kansu fiɗiya. A hadisin da aka umarci samari su yi aure, aka ce wanda bai samu iko ba ya riƙi azumi, kalmar da aka siffanta azumin da ita, wija'i, asalinta a Larabci daddatse marainan dabba ne. Wato an ba saurayi abin da zai rage masa kaifin sha'awa, aka bar masa jikinsa cikakke. A ɓangaren Kirista ma, dokar farko ta taron shugabannin coci da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 ta hana wanda ya dandaƙe kansa da gangan riƙe muƙamin coci.

Ko a likitance lissafin ba ya fita yadda saurayi yake zato. Testosteron mai ne, amma tuƙin a ƙwaƙwalwa yake. Wanda ya saba buɗe waya duk lokacin da kaɗaici ko ɓacin rai ya kama shi, ɗabi'ar tana nan bayan aiki. Akwai mazan da aka yi wa dandaƙa kuma sha'awa ba ta ɗauke musu gaba ɗaya ba. Sai mutum ya wayi gari tunanin da ya guda yana nan, lafiyar kuma ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya rashin iya sarrafa ɗabi'ar jima'i a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ana magance shi da zaman tattaunawa da ƙwararre, da sauya tsarin yini, wani lokaci da magungunan damuwa irin su fluoxetine ko sertraline, waɗanda suke rage matsin sha'awa kuma ana iya dainawa.

Akwai wanda ba sha'awa ce take damunsa ba, waswasi ne. Mummunan hoto ya faɗo masa a rai, game da muharramarsa ko yaro ko a tsakiyar salla, ya tsorata, ya yi ta bincikar kansa ko shi mugu ne. Wannan cuta ce sananniya, kuma alamarta ita ce mutum yana ƙyamar tunanin, ba ya jin daɗinsa. Dandaƙa ba ta taɓa ta ko kaɗan.

Wanda kuma ya san lallai zuciyarsa tana karkata ga yara, yana tsoron ya cutar da wani, ya yi abin a yaba masa da ya tsaya ya nemi mafita. Ya daina keɓewa da yara daga yau, ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa a wannan makon. Akwai magani na musamman da ake bayarwa a ƙarƙashin kulawa.

Wani dalilin kuma shi ne ciwon maraina da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Idan ya wuce wata uku, likitan mafitsara zai nemi tushensa: kumburin jijiyoyi da ya fi kama ɓangaren hagu, ciwon sanyi da ya shiga bututun bayan ɗan marainan, ƙaba, tsakuwar ƙoda, ko ciwon baya da yake harbawa ƙasa. Akwai gwaji mai sauƙi: a yi allurar kashe zafi a igiyar da ɗan marainan ke rataye da ita. Idan ciwon ya ɗauke na 'yan awoyi, ana iya yin aikin datse ƙananan jijiyoyin jin zafi a bar ɗan marainan a wurinsa. Idan bai ɗauke ba, alama ce cewa ciwon ba daga nan yake ba, kuma cirewa ba za ta raba ka da shi ba. Ana samun waɗanda aka cire wa suka ci gaba da jin ciwo a wurin da babu komai.

Idan haihuwa ce ba ka so, dandaƙa ba ita ce hanyar ba sam. Ɗaure bututun maniyyi yana hana haihuwa ba tare da taɓa testosteron ba. Shi ma a ɗauke shi a matsayin na har abada, kuma sai an yi wajen mako 12 an gwada maniyyi kafin a tabbatar ya kama. Wani babban bincike a Amurka a kan matan da aka ɗaure wa bututun mahaifa ya gano cewa cikin shekara 14, kimanin kashi 20 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa suna 'yan 30 ko ƙasa sun yi nadama, a kan kashi 6 na waɗanda suka haura 30. Mata ne, aikin ma daban ne, amma darasin shekaru ɗaya ne: abin da mutum ya rantse a kai yana ɗan 23 ba lallai ya tsaya a kansa yana ɗan 35 ba.

Sai kuma wanda tun yana ƙarami yake jin wannan sashe ba nasa ba ne, ko jikin namiji bai dace da yadda yake jin kansa ba, ko aka haife shi da halittar da ba ta bambance sosai ba. Wannan damuwa ce ta gaske, ba abin dariya ba, kuma tana bukatar likitan ƙwaƙwalwa da likitan sinadaran jiki su zauna da mutum na tsawon lokaci. Ko a ƙasashen da ake yin irin wannan tiyata, ba a fara ta sai bayan dogon bincike.

Rukuni ɗaya ne ba ya jiran gobe. Idan kana jin wata murya tana umartar ka ka yanke, ko ka gamsu cewa an aiko maka saƙo na musamman, ko kwana da kwanaki ba ka barci, musamman idan akwai wiwi ko tiramol a ciki, ko tunanin kashe kanka yana zuwa, faɗa wa wani babba a gida yanzu ya raka ka asibiti, a kuma kawar da reza da wuƙa daga ɗakinka. Irin wannan yanayi yana lafawa da magani cikin makonni, kuma waɗanda suka yanke kansu a cikinsa su ne suka fi kowa kuka idan hankali ya dawo.

Wajen wa za ka je, me za ka ce

Fara da likitan mafitsara a babban asibiti: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko babban asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram. Na ƙwaƙwalwa akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Da yawa daga masu layi a wurin damuwa da rashin barci ne suka kai su.

Kada ka yi kwana-kwana. Ka ce: "Likita, wata kaza ke nan ina tunanin a cire mini maraina, ga dalilina." Idan baki ya yi nauyi, miƙa masa takardar da ka rubuta. Sirrinka amana ne a wuyansa. Ka sani kuma babu likitan kirki a ƙasashenmu da zai cire lafiyayyun maraina don kawai an roƙe shi. Ƙin da zai yi ba wulaƙanci ba ne, kuma ba shi ne ƙarshen ganawar ba. Nemi ya tura ka inda za a duba dalilin.

Gwaje-gwajen da suka dace: testosteron na jini da safe tsakanin ƙarfe 7 da 11, kafin karin kumallo, sau biyu a ranaku daban, domin yana sauka da yamma, sinadaran LH da FSH da furolaktin masu tasiri a kan aikin maraina, awon jini gaba ɗaya, sikari, hoton sikanin na maraina, da gwajin fitsari. Samari da yawa da suke zaton sinadarinsu ya yi yawa sukan tarar yana daidai da na kowa, wannan kaɗai yana sauke musu wani nauyi.

Daga nan ka sa wa kanka wa'adi. Shawararmu ita ce shekara guda cur kana karɓar maganin ainihin matsalar, kana rubuta a littafi duk mako yadda tunanin yake, daga 0 zuwa 10. Idan lambar tana hawa lokacin jarrabawa, rashin aiki ko bayan ka faɗa abin da ka yi alkawarin bari, tana kuma sauka idan rai ya yi sanyi, ka gane damuwa ce take magana.

A bambance wannan duka da cirewar dole. Ɗan marainan da ya murɗe, da ciwo mai tsanani farat ɗaya da amai, yana da wajen awa 6 kafin ya mutu, a ruga asibiti. Ƙullutu mai tauri marar ciwo a jikin saurayi ɗan 15 zuwa 35 yana iya zama daji, wanda ake warkar da fiye da kashi 90 cikin ɗari idan an kama shi da wuri. A waɗannan, idan cirewa ta zama dole, ɗaya ake cirewa, kuma ɗayan da ya rage yawanci ya isa haihuwa da sinadari.

Batun gwadawa da magani

Akwai allurai irin su goserelin da leuprolide da suke kashe saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, testosteron ya sauka daidai da na wanda aka yi wa tiyata cikin mako uku zuwa huɗu. A mako na farko ma hawa yake yi kafin ya faɗo. Likita yana iya amfani da su ga wanda lalurarsa ta kai, kuma fa'idarsu ita ce mutum yana ɗanɗana rayuwar babu sinadari alhali ƙofar komawa a buɗe take. Da yawa wata uku na zafi da gajiya sun ishe su amsa.

Amma "ana iya komawa" yana da iyaka. Farfaɗowa tana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma idan an daɗe a kai ba kowa ne yake komawa yadda yake ba. Ƙashin da ya zaizaye a lokacin ba ya dawowa duka. Ƙwayar cyproterone mai danne testosteron da wasu suke saya a kemis ba tare da takardar likita ba tana iya lalata hanta, ta jawo daskarewar jini a jijiya, ta tsananta damuwa, kuma an tabbatar yawan shanta na tsawon lokaci yana haddasa wani ƙari a rufin ƙwaƙwalwa. Ba abin da mutum zai gwada shi kaɗai a ɗaki ba ne.

Idan lalura ta sa dole a cire duka biyun

Kafin ranar aiki, adana maniyyi. Ana yi a cibiyoyin dashen ciki na IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, waɗanda suka fi yawa a Abuja da Legas. Za a gwada ka cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, ka ƙaurace wa fitar da maniyyi kwana 2 zuwa 7, ka bayar sau biyu ko uku a ranaku daban. Ana duba yawansa, inda ma'aunin 2021 na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ƙasan iyaka a miliyan 16 cikin kowace mililita, sannan a daskarar da shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Yana iya shekaru da dama a haka. Tambayi kuɗin ajiya na shekara-shekara, da abin da zai faru idan ka makara biya, da yadda suke tabbatar da tankin ba ya ƙafewa. Wani ɓangare na ƙwayoyin yana mutuwa wajen narkarwa, kuma amfani da shi yana nufin matarka za ta bi ta hanyar dashen ciki mai tsada wanda ba kullum yake kamawa ba. Idan an riga an fara allurar kashe sinadari, ƙwayoyin sun ragu, shi ya sa ajiya take zuwa farko.

Bayan aiki kuma sai maye gurbin sinadari har ƙarshen rayuwa. Allurar testosteron enanthate ko Sustanon miligiram 250 ana yin ta duk mako biyu zuwa uku. Tana hawa da sauka, mutum ya ji ƙarfi a makon farko, ya yi laushi kafin ta gaba. Nebido, miligiram 1000 a cikin mai mililita 4, ana yin ta duk mako 10 zuwa 14, ta fi daidaito amma ta fi tsada. Akwai na shafawa kullum da safe, wanda sai an kiyaye kada ya goge a jikin mata ko yara. Yi lissafi da kanka: allura duk mako uku na shekara hamsin ta haura 800, duka daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, ga jabu a kasuwa. Duk watan da aljihu ya gaza, zafi da gajiya su dawo. Kuma wannan allura ba ta mayar da haihuwa ko da ɗigo.

Ana duba kaurin jini bayan wata uku zuwa shida, daga nan duk shekara; idan jajayen ƙwayoyin jini suka haura kashi 54 cikin ɗari ana rage allura ko a tsayar, domin jini mai kauri yana jawo shanyewar ɓarin jiki. Wanda ba zai karɓi testosteron ba, kamar mai dajin furostet, yana bukatar hoton auna ƙarfin ƙashi na DEXA tun farko da kuma duk shekara ɗaya zuwa biyu, kalsiyam miligiram 1000 zuwa 1200 a rana daga abinci da ƙwaya, bitamin D, tafiya da ɗaga nauyi, barin taba, wani lokaci da maganin ƙashi irin alendronate. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, zogale da kuka duk suna taimakawa wajen kalsiyam.

Mace da za ka aura tana da haƙƙin sanin wannan kafin a ɗaura. A fiƙihun Malikiyya dandaƙa tana cikin aibobin da suke ba mace zaɓin raba aure idan an ɓoye mata.

Hannun da ba na likitan tiyata ba

Kada ka yi da kanka, kada ka je wajen wanzami, mai kemis, ma'aikacin dabbobi ko wani da ya yi maka alkawari a intanet. Jijiyar da ke kai wa ɗan maraina jini kai tsaye take fitowa daga babbar jijiyar da ta taso daga zuciya. Idan aka yanke ta ba a ɗaure yadda ya kamata ba, tana janyewa ta shige cikin mara inda yatsa ba ya kaiwa, ta ci gaba da zuba a ciki, mutum yana ganin ɗan jini kaɗan a waje alhali yana ƙarewa. Kayan dandaƙar awaki da shanu suna kashe nama ne a bar shi ya ruɓe. A jikin mutum wannan yana kawo tetanas da wata ruɓa mai gudu da take cinye fatar gaba har zuwa ciki cikin kwana ɗaya ko biyu, wadda take kisa ko a asibiti. Yardarka kuma ba ta wanke wanda ya yi maka: a 2024 wata kotu a Landan ta yanke wa Marius Gustavson ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 22, saboda yi wa maza irin wannan aiki, duk da cewa da ƙafarsu suka je.

Idan abin ya riga ya faru, ga kanka ko ga wani, kwantar da shi, ninka tsumma mai tsabta ka danna wurin da ƙarfi ba ɗagawa, idan ya jiƙe ka ɗora wani a kai. Kada a zuba toka, gishiri, man birki ko garin magani. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin za a shiga da shi tiyata. Abin da aka yanke a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin wata mai ruwa da ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da bankin jini, a tafi da 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini, a faɗa wa likita gaskiyar abin da aka yi amfani da shi da ƙarfe nawa aka yi, a kuma tuna masa allurar tetanas.